Montreux: Na Bi Sawun Gobarar da Ta Zama Waƙa

Montreux ƙaramin gari ne a bakin tafkin Jeniba, a ɓangaren Suwizalan da ake jin Faransanci, mutanensa ba su kai 30,000 ba. Wasu bikin kiɗan jaz na watan Yuli ke kai su, wasu tsohuwar fadar Chillon da ke zaune a kan dutse cikin ruwa, wasu kuma masu hannu da shuni ne da suka je hutawa. Ni gobara ce ta kai ni, wadda ta tashi a gidan cacar garin ranar Asabar 4 ga Disamba 1971, ƙungiyar Deep Purple ta Ingila kuma ta mayar da ita waƙar nan Smoke on the Water.

A Zariya na fara jin waƙar, a ƙarshen shekarun 1970, a ɗakin wani yayanmu da ke jami'a, mai tarin faya-fayen garmaho. A lokacin ba kalmomin muke bi ba. Taken jitar da ke buɗe ta shi ke kama mu, mu yi ta bugun tebur muna bin sa da baki. Sai da na manyanta na zauna na karanta baitocin, na ga ashe ba waƙar soyayya ba ce, ba kuma kirari ba. Labari ne tsagwaronsa: mun zo gari kaza, mun yi niyyar kaza, wane ya yi kaza, wuta ta tashi, muka koma wuri kaza. Tun daga nan nake da burin in taka wuraren da ta ambata. Da aiki ya kai ni taro Jeniba a farkon wani Disamba, ga kuma ɗan ƙanwata yana karatun injiniya a Lausanne, sai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Daga tashar Cornavin ta Jeniba zuwa Montreux tafiyar kamar sa'a guda ce a jirgin ƙasa. Yaron ya riga ya yi mini kashedi a waya: «Kawu, ka zauna ta hannun dama, ta nan ruwan yake.» A Lausanne ya shigo, da hular sanyi har kunne, ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar tarago, Turawa na kallonmu. Daga nan hanya ta manne da gaɓar tafki. Ta hagu gonakin inabi na Lavaux ne, hawa-hawa a jikin tudu, kowane hawa da katangarsa ta dutse, itatuwan duk sun kaɗe ganye saboda hunturu. Ta dama ruwa ne shimfiɗe, can ƙetarensa duwatsun Faransa sanye da farar ƙanƙara. Muka wuce Vevey, kafin mu gama hirar gida sai ga Montreux.

Tashar a kan tudu take, sai an gangara kafin a kai bakin ruwa. Abin da ya fara ba ni mamaki itatuwan dabino ne, ko dai danginsu, a jere a gefen hanya cikin wannan sanyi da ke ratsa ƙashi. Duwatsun da suka kewaye garin ke tare masa iskar arewa, shi ya sa tun ƙarni na 19 attajiran Turai ke zuwa nan su yi hunturu. Mun tarar da kasuwar Kirsimeti ta cika gaɓar, rumfunan katako a jere, ƙanshin narkakken cuku da gasassun 'ya'yan itace ko'ina. Muka kutsa har dandalin kasuwa, inda mutum-mutumin Freddie Mercury na ƙungiyar Queen yake tsaye tun 1996, tsayinsa mita 3, hannu ɗaya a sama, yana fuskantar ruwa. Mutane sun yi layi suna ɗaukar hoto, wasu sun ajiye furanni a ƙafarsa. Alamar da aka yi wa Deep Purple kuwa tana kusa da wurin, a jikin katangar bakin ruwa: sunan ƙungiyar, sunan waƙar, da taken jitar a rubutun mawaƙa. In ba nemanta kake yi ba, sai ka wuce. Ban ga kowa a gabanta ba sai mu biyu. Abin ya ɗan sosa mini rai, domin in ana maganar wanda ya kai sunan Montreux kunnen talakan duniya, wanda bai san jaz ba kuma bai taɓa jin farashin otal ɗin garin ba, to wannan waƙa ce, tunda a layinta na farko ma sunan garin ya fito.

Daga nan zuwa gidan cacar tafiyar 'yan mintoci ce. Ginin da ke wurin yanzu na 1975 ne, ba shi da wani kyan da zai tsayar da mutum. Wanda ya ƙone kuwa tun 1881 aka gina shi, kuma ba caca kaɗai ake yi a ciki ba: akwai gidajen abinci, akwai babban zaure inda ake bikin jaz da sauran wasanni. Na tsaya a bakin titi na yi ta ƙoƙarin ɗora tsohon ginin a kan sabon a cikin zuciyata, ina ba yaron labarin kamar yadda na san shi.

Su biyar ne a ƙungiyar a lokacin: Ian Gillan mai waƙa, Ritchie Blackmore mai jita, Jon Lord mai ogan, Roger Glover mai jitar bes, da Ian Paice mai ganguna. Sun gaji da ɗakunan ɗaukar sauti na Landan, inda suke ganin kiɗansu na fita a daskare, ba kamar yadda yake tashi a gaban jama'a ba. Sai suka yanke shawarar su sami babban zaure babu kowa, su yi kiɗa kamar suna kan dandamali, a ɗauka. Akwai kuma batun haraji, domin faifan da aka ɗauka a wajen Ingila ya fi sauƙi ta wannan fuska. Suka yi hayar wata babbar mota ta ƙungiyar Rolling Stones, wadda aka ƙera cikinta ya zama ɗakin ɗaukar sauti sukutum, aka tuƙo ta har Montreux. Gidan cacar zai rufe don gyaran hunturu, wasan ƙarshe shi ne na Frank Zappa da ƙungiyarsa Mothers of Invention daga Amurka, washegari kuma zaure ya zama na Deep Purple. Shi ya sa su ma suka shiga kallo ranar, ba su riga sun shigar da kayansu ba.

Wasan rana ne, mutane wajen 2,000. Ana cikin kiɗa, an kusa ƙarewa, wani daga cikin 'yan kallo ya ciro bindigar harba wutar neman agaji, irin wadda masu jiragen ruwa ke riƙewa, ya harba sama. Rufin zauren an yi masa ado da saƙar kwagiri, busasshe ƙayau. Kafin ka ce kwabo wuta ta kama. Abin da ya fi burge ni a duk labarin shi ne natsuwar Zappa. Bai jefar da makirufo ya ruga ba, ya tsaya ya ce wa jama'a su nufi ƙofofi a hankali. Aka farfasa manyan tagogin gilashi, mutane suka yi ta dirowa. Ginin ya ƙone ƙurmus, kayan kiɗan Zappa duka suka tafi, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda turmutsutsu ke kashe mutane fiye da wutar kanta ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Motar Rolling Stones da ke ajiye a gefen ginin ita ma an janye ta a kan lokaci.

Shi Zappa tsautsayinsa bai ƙare a nan ba. Ranar 10 ga watan, yana wasa a Landan da kayan aro, wani ɗan kallo ya hau dandamali ya hankaɗo shi cikin ramin makaɗa. Ya karye, maƙogwaronsa ya yi rauni, ya yi watanni a keken guragu.

'Yan Deep Purple kuwa sun koma masaukinsu suka zauna suna kallon wutar daga nesa, iskar da ke gangarowa daga duwatsu tana kwantar da hayaƙin a kan tafki. Bayan 'yan kwanaki Glover ya farka daga barci da kalmomin nan a bakinsa, hayaƙi a kan ruwa, ya faɗa wa Gillan, aka ajiye maganar.

Yaron ya ce, «Kawu, akwai ɗakin Queen a ciki, kyauta ake shiga. Ba sai ka je wajen masu caca ba.» Na yi jim, don ban taɓa tsallaka ƙofar gidan caca ba, sannan na bi shi muka nufi ɗakin kai tsaye. Lokacin da aka sake ginin, an saka ɗakin ɗaukar sauti a ciki mai suna Mountain Studios. Queen suka saye shi a 1979, a nan kuma Mercury ya ɗauki muryarsa ta ƙarshe a 1991, yana fama da ciwon ajali. Yanzu wurin nuni ne: tufafin wasa, takardun da aka rubuta baitoci da hannu, da teburin haɗa sauti da ake barin baƙo ya taɓa. Ba don gobarar ba da babu wannan ɗaki, da wataƙila mutum-mutumin da ake layi a gabansa ma ba a garin yake ba. Ba mu daɗe ba muka fito.

Mutumin da na fi zuwa dominsa ba makaɗin ƙungiyar ba ne. Sunansa Claude Nobs, haifaffen garin a 1936, ɗan mai gidan burodi. Girki ya koya, daga baya ya kama aiki a ofishin yawon buɗe ido na Montreux, a 1967 kuma shi da abokansa biyu suka kafa bikin jaz ɗin, na kwana uku kacal a farko. Shi ya shirya wasan Zappa, shi ya gayyato Deep Purple. Da wuta ta tashi, shi ya san lunguna da ƙofofin ginin, sai ya yi ta shiga yana fita, yana jawo matasan da suka ruɗe suka ɓuya a ciki. Ka tuna mutumin nan a wannan yammaci ya rasa zauren da bikinsa ya dogara a kai, kuma shi za a fara tambaya yadda aka yi. Duk da haka, da gari ya waye, damuwarsa ita ce baƙinsa biyar da suka zo daga Ingila ba su da wurin aiki.

Gillan ya saka sunansa a baiti na biyu, ya faɗi abin da ya yi, a taƙaice, babu ƙari. Wanda ya harba wutar kuwa waƙar ba ta kama sunansa ba, wawa kawai ta kira shi ta wuce. Wannan rabon ya yi mini daidai ƙwarai. Mu da muka tashi da waƙoƙin Mamman Shata mun san abin da ake nufi da mawaƙi ya kama sunan mutum: akwai direbobi da 'yan kasuwa da suka rasu tun tuni, amma har gobe ana kiran sunansu a tasha da gidan biki saboda wani alheri da suka yi aka saka su a waƙa. Haka Nobs. Duk daren da Deep Purple suka hau dandamali, daga Tokyo zuwa São Paulo, dubban mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba suna kiran sunansa da ƙarfi. Ƙungiyar ta kuma sadaukar masa da faifan gaba ɗaya, ta saka hotonsa a cikin bangon.

Muka juya yamma, muka bi gaɓa zuwa babban otal ɗin Montreux Palace mai rumfunan taga rawaya. Titin da ke gabansa yanzu sunan Claude Nobs yake ɗauke da shi. A lambun da ke fuskantarsa akwai mutum-mutumin su B.B. King da Ray Charles da Ella Fitzgerald. A gefe kuma ga wani gini mai farar fuska da ake kira Petit Palais, wanda a 1971 ake ce masa Pavillon. Nan Nobs ya fara samar wa ƙungiyar. Suka kafa kaya, suka fara gwaji cikin dare. Blackmore ya fito da wani take, Paice ya bi shi da ganga, sauran suka shigo. Matsalar ita ce zauren a tsakiyar gari yake, ƙarar kuma tana bugun duwatsu tana dawowa. Maƙwabta suka kira 'yan sanda. Yaran ƙungiyar masu ɗaukar kaya suka tokare ƙofa da ƙarfin tsiya, 'yan sanda na bugu daga waje, har aka gama ɗaukar kiɗan. Sannan aka buɗe, aka ce su tattara. Abin da aka ɗauka a daren nan, ba baiti, ba suna, shi ne kiɗan da duniya ke ji har yau.

Yaron ya yi dariya ya ce, «Ai Kawu har yanzu haka ƙasar nan take. Ƙarfe goma na dare in ta yi, ko injin wanki ba ka isa ka kunna ba a gidanmu. Ni kaina da abin kunne nake koyon jita.» Ban san yana koyo ba sai ranar. Na tambaye shi abin da ya fara iyawa. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan mahaifiyarsa.

A kan wani benci, hannuwansa na rawar sanyi, ya kwatanta mini yadda taken yake. Sauti huɗu ne kawai, ana jujjuya su a bugu goma sha biyu, sai a koma farko. Ya ce yawancin masu koyo a tsirkiya ɗaya suke yin sa, ko su kankare shi da ɗan robar kaɗa jita, shi ya sa nasu ke fita kamar ana sara. Blackmore kuwa tsirkiya biyu na tsakiya yake tsinka lokaci guda da yatsu, ya sake su, ya bar ɗan shiru tsakanin bugu da bugu. Sai Lord ya bi shi da ogan ɗin Hammond da ya haɗa da lasifikar jita ta Marshall, sautin ya yi kauri ya yi gurnani har ba ka iya raba jitar da ogan ɗin. Daga nan kayan ke shigowa ɗaya bayan ɗaya: faifan ƙarfen mai ganga, sai gangar kanta, sai bes, sannan murya. Na sha jin masu ganin sun san kiɗa suna raina taken nan, wai na yara ne. Ban yarda da su ba. Abin da yaro zai iya kamawa a yini ɗaya, kuma dattijo ya ji bayan shekara hamsin gabansa ya motsa, ba a tsintarsa a hanya. Da sauƙi ne ƙirƙirarsa, da kowace ƙungiya tana da irinsa.

Ranar hunturu gajeriya ce a can, azahar da la'asar kusan a manne suke. Muka sami gefe a lambu muka yi salla, muka ci burodi da cuku da shayi mai zafi a tsaye, sannan muka hau bas mai lamba 201, irin mai jan wuta daga wayoyin sama, zuwa unguwar Territet a hanyar Chillon.

A nan Grand Hotel yake, wuri na uku kuma na ƙarshe. Bayan korar da aka yi musu, Nobs ya yi kwanaki yana neman inda ƙara ba za ta dami kowa ba, har ya samo wannan katafaren otal da ya rufe don hunturu, babu baƙo, babu ɗumi. Yau ba otal ba ne, gidajen zama ne, don haka daga waje muka tsaya. Dogon gini ne mai baranda birjik, ga layin dogo a gabansa, ga tudu a bayansa inda ƙaramin jirgin da ake ja da igiya ke hawa zuwa Glion tun 1883. Na daɗe ina kallon barandun nan, domin su ne suka fi ba ni labarin.

Ba a zaure suka yi aikin ba, a wani dogon lungu ne tsakanin ɗakuna. Suka kwaso katifu daga gadajen otal ɗin suka toshe tagogi da bakin lungun, don su tare sanyi su kuma kashe amsa-kuwwa. Suka kawo injin ɗumama wuri, suka saka jajayen fitilu don wurin ya ɗan yi kama da dandamali. Motar ɗaukar sauti tana waje a bakin ƙofa, injiniyansu Martin Birch na ciki. Tunda an toshe lungun, duk mai son ya ji abin da aka ɗauka sai ya shiga wani ɗaki, ya fita baranda cikin ƙanƙara, ya tsallaka zuwa wata, ya ratsa wasu ɗakunan, ya sauko, sannan ya kai mota. Da suka gaji da wannan zirga-zirga sai suka daina zuwa saurare. In sun ji a jikinsu kiɗa ya yi, shi ke nan, a wuce na gaba. Ina ganin wannan wahala ce ta ba faifan nasu, wanda suka sa wa suna Machine Head, ɗanyen ƙarfin da yake da shi. Ba su sami damar yi masa kwalliya ba. Zuwa 21 ga Disamba sun gama.

Ana dab da gamawa aka lissafa aka ga waƙoƙin ba su cika faifai ba, saura ɗaya. Sai aka tuna da kiɗan nan na Pavillon da ke ajiye. Gillan da Glover suka zauna suka rubuta abin da ya same su a makonnin nan, bi da bi: zuwansu, Zappa, mai bindiga, Nobs, motar Rolling Stones, otal ɗin da babu kowa, jajayen fitilu da katifu. Suka ɗora a kai. Cike gurbi suka ɗauke ta. Da faifan ya fito a Maris 1972, ya hau matsayi na ɗaya a Ingila, amma wata waƙar daban suka zaɓa suka fitar ita kaɗai, suna sa ran ita za ta yi kasuwa, ba ta kuwa yi wani tasiri ba. Masu gidajen rediyon Amurka da 'yan kallo su suka zaɓi Smoke on the Water da kansu, musamman bayan an ji yadda ta tashi a wasannin Osaka da Tokyo na Agusta 1972, waɗanda aka fitar a faifan Made in Japan. Sai a Mayu 1973 kamfanin Warner ya fitar da ita a ƙaramin faifai a Amurka, ta kai matsayi na 4 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi kasuwa.

Abin tausayi, lokacin da take kan ganiyarta, mutum biyun da suka rubuta baitocinta ba sa cikin ƙungiyar. Gajiyar yawo da rashin jituwa tsakanin Gillan da Blackmore sun kai inda ba a iya gyarawa. Ranar 29 ga Yuni 1973 suka yi wasansu na ƙarshe tare a Osaka, Gillan ya tafi, Glover ma ya bi. Sai 1984 su biyar ɗin suka sake haɗuwa, a 1993 kuma Blackmore ya fita bai sake dawowa ba. Lord ya rasu a 2012.

A tsaye a gaban ginin nan na ƙara tabbatar wa kaina abin da ya sa waƙar ta rayu. Da sun san za ta zama abin da ta zama, da sun cika ta da manyan kalmomi, sun yi wa'azi a kan wuta da ƙaddara. Da yake ba su ɗauke ta da nauyi ba, sai suka faɗi gaskiya yadda take, da sunayen wurare da na mutane. Shi ya sa mutum kamar ni zai iya tasowa daga wata nahiya, ya riƙe baitocin kamar taswira, ya bi su titi-titi, ya tarar da kowane wuri a inda aka ce yake. Waƙoƙin rok kaɗan ne za a iya yi wa haka.

Duhu ya fara shiga tun kafin ƙarfe biyar. Muka taka da ƙafa ta bakin ruwa har muka hango fadar Chillon da fitilunta, ba mu shiga ba don an kusa rufewa, muka juyo tasha.

A jirgi yaron ya ce shi abin da ya sani game da waƙar bai wuce cewa masu shagon jita sun gaji da jin ta ba, da kuma gasar da ake yi ta tara makaɗa su kaɗa ta tare, kamar a Vancouver ta Kanada a 1994, inda mutum 1,322 suka yi. Na ce masa akwai abin da ya fi wannan. A 7 ga Disamba 1988 girgizar ƙasa ta afka wa arewacin Armeniya, ta kashe mutum aƙalla 25,000. A shekarar da ta biyo, manyan makaɗan rok na Ingila suka taru a Landan suka sake ɗaukar wannan waƙa don tara kuɗin agaji: Gillan da Blackmore, David Gilmour na Pink Floyd, Brian May na Queen, Tony Iommi na Black Sabbath, da wasu. Ita suka zaɓa domin ita ce kowa a cikinsu ya iya, kowa a waje kuma ya sani. Gillan bai saki maganar ba. Da ya koma ƙasar bayan shekaru ya tarar da wata makarantar koyon kiɗa a birnin Gyumri har lokacin a rumfunan wucin gadi take, shi da Iommi suka sake tara kuɗi, aka haɗa da na wasu masu taimako, aka gina sabuwa, aka buɗe ta a 2013.

Ita motar Rolling Stones tana Calgary ta Kanada yanzu, a cibiyar adana kayan kiɗa ta ƙasar. Deep Purple kuwa sun yi ta komawa Montreux. A 2016, a biki na 50, ɗan Zappa, Dweezil, ya yi wasa a dare ɗaya da su. A 2024 da aka kafa dandamalin bikin a kan tafkin kansa, sun kaɗa waƙar da ruwan a bayansu.

Nobs bai ga waɗannan biyun ba. Ya faɗi yana wasan zamiya a kan ƙanƙara kusa da gidansa a Caux, saman Montreux, a jajibirin Kirsimetin 2012, ya rasu a asibiti a Lausanne ranar 10 ga Janairu 2013. Ya bar abin da mutane kaɗan suka yi tunanin tarawa: tun farkon bikin yake sa a ɗauki wasannin, sauti da hoto, yana adanawa. A shekarar da ya rasu hukumar UNESCO ta saka wannan taska cikin kundin abubuwan tarihin duniya da ba a so su ɓace, jami'ar EPFL ta Lausanne kuma ita ta mayar da dubban sa'o'in nan zuwa kwamfuta. Ina faɗin haka yaron ya zaro ido.

«Kawu, ai makarantarmu ke nan! Akwai wani gidan shan shayi a harabar da ake kallon wasannin a allo. Kullum ina wucewa ta gabansa, ban taɓa sanin na wane ne ba.»

Na ce masa to gobe in ya fito daga aji ya jira ni a ƙofar wurin, ya kuma zo da jitarsa, ina so in ga yatsun nan biyu a kan tsirkiya ta gaske. Ya ce in Allah ya kai mu. A Lausanne ya sauka, ni na wuce Jeniba.